"The Lion Sleeps Tonight": wa ya ƙirƙiri waƙar, kuma wa ya ci moriyar ɗaukakarta?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure. Tambayata a kan waƙar nan ce ta Turanci mai suna "The Lion Sleeps Tonight", wadda yawancinmu muka sani ta hanyar fim ɗin zane na The Lion King, har ta kai yara suna rera amshinta ba tare da sun san abin da ake faɗa a ciki ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa Amurkawa ne suka shirya ta musamman domin fim ɗin, amma akwai wani tsohon faifai a YouTube da aka rubuta cewa an ɗauke shi a Afirka ta Kudu tun 1939, kuma duk wanda ya kasa kunne da kyau zai ji cewa karin da ke cikinsa shi ne dai karin waccan waƙa.

Abu biyu nake son a fayyace mini. Ta wace hanya waƙar da aka yi a Johannesburg kafin yaƙin duniya na biyu ya kankama ta bi har ta zama ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka, sannan bayan shekara 20 ta sake zama ta ɗaya a na Birtaniya a bakin wasu mawaƙa dabam? Idan kuma aka sake rera waƙar wani ta samu irin wannan kasuwa, aljihun wa kuɗin yake shiga, na wanda aka ji muryarsa ko na wanda ya ƙirƙire ta tun farko? Ina roƙon waɗanda Allah ya hore wa sani a wannan fanni su yi mana bayani dalla-dalla.

Mai Garmaho:

Wa alaikumus salam, Abban Sadiya. Faifan da ka ji shi ne tushen waƙar, sunansa "Mbube", wato zaki da harshen Zulu, kuma mai shi Solomon Linda ne. An haife shi a 1909 a yankin Msinga na lardin Natal, ya zo Johannesburg ci-rani kamar dubban samarin karkara na zamaninsa, yana aikin ƙarfi da rana, a ƙarshen mako kuma yana shiga gasar waƙa da ma'aikata suke shiryawa tare da ƙungiyarsa mai suna Evening Birds. A sanannen hotonsu za ka ga maza shida a jere cikin kwat, Linda yana tsaye daga gefen hagu.

Ina ba ka shawara ka sake sauraron faifan tun daga farko har ƙarshe, domin amsar tambayarka tana cikinsa. Masu kaurin murya ne suke riƙe da amshi a ƙasa, suna maimaita shi ba tare da sun sassauta ba, shi kuma Linda yana yawo a samansu da wata siririyar murya, wani lokaci da kalmomi, wani lokaci ba kalmar komai sai guɗa da jan numfashi. Sai gab da ƙarshen faifan ya saki wani ɗan gajeren kari wanda bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Wannan ɗan karin shi ne Amurkawa suka ɗora wa baitocin Turanci bayan shekara 22, kuma shi ne duniya take rerawa har yau. An ɗauki waƙar ne a kamfanin Gallo, ta yi kasuwar da aka ƙiyasta ta kai faifai 100,000 kafin ƙarshen shekarun 1940, har sunanta ya zama sunan salon waƙar maza 'yan amshi gaba ɗaya a ƙasar, salon da daga baya ya haifi irin waƙar ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo. Abin da aka ba Linda a madadin haƙƙinsa sulai 10 ne, sai kuma aikin shirya fayafai a cikin kwalaye da kamfanin ya ɗauke shi.

Tsallakawarta Amurka ta faru ne a hannun Alan Lomax, masanin waƙoƙin gargajiya, wanda ya samu faifan ya kai wa abokinsa Pete Seeger na ƙungiyar The Weavers. Seeger bai ji amshin sosai ba, ya rubuta shi "Wimoweh", kuma da wannan suna ƙungiyarsa ta fitar da waƙar tare da makaɗan Gordon Jenkins, ta yi tashe a Amurka a 1952. A wurin da ake rubuta sunan mai waƙa a jikin faifan, Paul Campbell aka rubuta, alhali babu wani mutum mai wannan suna a cikin lamarin. Sunan aro ne da ake amfani da shi wajen karɓar kason mawallafi a kan waƙoƙin da aka ɗauka na gargajiya ne.

A 1961 wasu samari 'yan Brooklyn da ake kira The Tokens suka rera "Wimoweh" a gaban Hugo Peretti da Luigi Creatore na kamfanin RCA Victor. Su kuma suka ɗauko George David Weiss ya rubuta baitocin Turanci, aka ƙara ganguna, aka kawo Anita Darian mai muryar opera ta riƙa bi ta sama, aka sa wa waƙar sunan da ka sani. A bayan faifai ma aka sa ta, domin wata waƙa mai suna "Tina" aka yi niyyar tallatawa, amma masu gabatar da shiri a rediyo suka juya faifan. A watan Disamba na 1961 ta hau matsayi na 1 a jadawalin Billboard, wato babban jadawalin waƙoƙin Amurka, ta yi mako 3 a can. A Birtaniya tasu ta tsaya a na 11, sai ga Karl Denver ya fito da "Wimoweh" a 1962 ya kai na 4, kuma a shekarar ce Henri Salvador ya rera ta da Faransanci. A cikin wannan shekara ta 1962, lokacin da ake sayen waƙarsa da harsuna dabam-dabam a nahiyoyi uku, ciwon ƙoda ya yi ajalin Solomon Linda, kuma iyalinsa ba su samu halin sa alamar dutse a kabarinsa ba sai bayan shekara 18. Wannan gaɓar tana taɓa mini zuciya duk lokacin da na zo kanta.

Daga nan kusan kowace shekara 10 sai waƙar ta dawo. Robert John ya kai ta na 3 a Amurka a 1972, ƙungiyar Tight Fit ta kai ta na 1 a Birtaniya a watan Maris na 1982, ƙungiyar Pow Wow ta farfaɗo da ta Faransancin a 1992, sannan The Lion King ya zo a 1994, aka mayar da shi wasan dandali a 1997, aka kuma sake yin fim ɗin a 2019.

Ummu Khalil:

Allah ya saka da alheri, Malam Mai Garmaho. Zan ɗauki tambaya ta biyu, domin a ganina a nan ne aka cuci Linda, kuma wanda bai fahimci yadda ake rabon kuɗin waƙa ba zai yi zaton rashin sa'a ce kawai ta same shi.

Kowane faifai yana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin ita waƙar kanta, wato karinta da baitocinta, wanda yake hannun mawallafi da kamfanin da ya damƙa wa kula da ita. Akwai kuma haƙƙin wannan ɗauka da aka yi a situdiyo, wanda galibi yake hannun kamfanin faifai, shi kuma mai rerawa a ba shi kaso daga cinikin. Idan wani ya sake rera waƙa, sabuwar ɗauka ya yi, saboda haka haƙƙi na biyu sabo ne, amma na farko yana nan inda yake. Wannan ne ya sa mai rerawa yake cin moriyar faifansa shi kaɗai, shi kuwa wanda aka rubuta sunansa a ƙarƙashin sunan waƙar yana karɓa daga kowane faifai na kowane mawaƙi, a kowace ƙasa, tsawon rayuwarsa da shekaru masu yawa bayan mutuwarsa. Robert John ya ci kasuwar 1972, Tight Fit sun ci ta 1982, amma masu riƙe da haƙƙin waƙar sun ci duka biyun, sun kuma ci ta fim da ta tallace-tallace.

Dokar Amurka ta ƙara wa abin ƙarfi ta hanyoyi biyu. Tun daga dokar 1909, da zarar an fitar da waƙa kasuwa, kowa yana iya sake rera ta ba sai ya nemi yardar mai ita ba, muddin zai biya kuɗin da doka ta yanke, wanda ya tsaya a santi 2 a kan kowane faifai har zuwa ƙarshen 1977. Shi ya sa maimaita waƙar wani ya zama ruwan dare a can. Sannan gidajen rediyon Amurka da ake kamawa ta iska suna biyan mawallafi da kamfaninsa ne idan sun sa waƙa, ba sa biyan mai rerawa. Ka ga ke nan ɗan layin rubutun nan da ke ƙarƙashin sunan waƙa, wanda mai saye ba ya ko kula da shi, shi ne maƙogwaron da kuɗin yake bi.

To, ta yaya aka cire Linda daga wannan layi? Ta hanyar kiran waƙarsa ta gargajiya. Idan aka ce waƙa ba ta da mai ita, wanda ya gyara ta shi yake zama mawallafi a idon doka, kuma a wancan zamani abu ne mai sauƙi ga kamfani a New York ya ɗauka cewa duk abin da ya fito daga Afirka na gado ne da ba a san wanda ya fara shi ba, ko da kuwa sunan mutum yana rubuce a jikin faifan da aka kwaikwaya. Adalci ne a faɗi cewa da Seeger ya gano akwai mai waƙar kuma yana raye, ya aika masa da dala 1,000, ya kuma nemi a riƙa tura masa kasonsa. Wasu 'yan kuɗi sun riƙa isa ga iyalin a kan "Wimoweh", amma ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da abin da waƙar ta tara. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya. Ban musa cewa an zalunci Linda ba, kuma ba na goyon bayan abin da aka yi wa iyalinsa, sai dai ina ganin idan za mu yi maganar jadawali, wajibi ne mu ba Weiss da abokan aikinsa nasu haƙƙin. Jadawali ba ya auna kyan waƙa ko asalinta. Abin da yake aunawa shi ne yawan faifan da aka saya da yawan sawa a rediyo a wata ƙasa a cikin wani mako, kuma na Billboard ɗin da muke magana a kai a 1958 aka fara shi a wannan tsari, domin kasuwar masu jin Turanci. "Mbube" ta yi fiye da shekara 10 ba ta yi tashe a Amurka ba. Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu wadda babu mai shakkar gwanintarta, ta rera ta da harshen asali a kundinta na 1960 a Amurka, amma ba ta kai inda The Tokens suka kai ba bayan shekara guda. Abin da ya bambanta su shi ne baitocin da ɗan makarantar Amurka zai iya haddacewa a ji ɗaya, da kuma tsara waƙar ta yadda za ta dace da rediyo. Wannan aiki ne na gaske, kuma ba kowa ne zai iya shi ba.

Ina kuma so a lura cewa a harkar jadawali ba Linda kaɗai aka ɓoye ba. Su kansu The Tokens da suka kawo waƙar gaban kamfani ba a rubuta su a cikin mawallafa ba. A faifan Tight Fit na 1982 kuwa, muryar da aka ji tana jan baiti ta wani mawaƙin situdiyo ce mai suna Roy Ward, amma wasu dabam aka nuna a talabijin suna motsa baki. Saboda haka a ganina tsarin kasuwar ne gaba ɗaya yake fifita mai riƙe da takarda a kan mai murya, ko baƙi ne ko fari.

Mai Garmaho:

Ɗan'uwana Ɗan Damagaram, maganarka a kan abin da jadawali yake aunawa gaskiya ce, kuma babu wanda ya ce a hana Weiss kasonsa. Amma ka gwada waƙoƙin ta wannan hanya. An samu waɗanda suka yi kasuwa babu baitocin Weiss ko ɗaya: ta The Weavers ta yi tashe shekara 9 kafin a rubuta su, ta Karl Denver kuma ta wuce ta The Tokens a Birtaniya ba tare da su ba. Salvador ma da nasa baitocin na Faransanci ya yi tasa. Ba a taɓa samun wadda ta yi kasuwa babu amshin Linda da karinsa ba, domin idan ka cire su babu waƙar da ta rage. Wanda aikinsa yake cikin kowane maimaici shi ne aka bari a waje.

Ga wani abin da yake nuna bambancin. Waɗannan mutum uku, Weiss da Peretti da Creatore, su ne suka rubuta wa Elvis Presley "Can't Help Falling in Love" a wannan shekara ta 1961, kuma sun gina ta ne a kan karin wata tsohuwar waƙar Faransa ta 1784, wadda mai ita, Martini, ya rasu tun 1816. A nan babu wanda aka tauye, domin haƙƙin ya daɗe da zama na kowa. Sai suka bi da "Mbube" a kan wannan hanya, alhali mai ita yana raye a Johannesburg, yana jinya, yana da mata da 'ya'ya. The Tokens sun samu suna da kason cinikin faifansu, suka ci gaba da sana'a, har ɗaya daga cikinsu, Hank Medress, yana cikin waɗanda suka shirya maimaicin Robert John a 1972. Baƙar fatar Afirka ta Kudu na wancan lokaci, a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, ba shi da lauya, ba shi da hanyar sanin abin da ake yi da waƙarsa a ƙetare, balle ya bi kadinta. Ba zan iya ɗora waɗannan biyun a sikeli ɗaya ba.

Abban Sadiya:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Bayanin Hajiya a kan haƙƙi iri biyu ya warware mini abin da ya fi ɗaure mini kai. Abin da ya rage shi ne, tun da Linda ya riga ya sayar da haƙƙinsa da hannunsa, ko da a kan sulai 10 ne, shin iyalinsa sun samu wata madafa a gaban shari'a, ko kuwa maganar ta mutu ke nan?

Ummu Khalil:

Sun samu, Abban Sadiya, amma a makare. Wanda ya tayar da maganar ɗan jaridar Afirka ta Kudu ne, Rian Malan, a wani dogon rahoto da mujallar Rolling Stone ta buga a shekarar 2000, inda ya bi sawun waƙar daga Johannesburg zuwa New York, ya ƙiyasta cewa ta tara kimanin dala miliyan 15, alhali 'ya'yan Linda mata suna zaman talauci a Soweto. Bayan haka François Verster ya yi fim na gaskiya a kan labarin a 2002, sai batun ya zama abin kunya ga ƙasar baki ɗaya.

Madafar kuwa daga wata tsohuwar doka ta fito. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1911, wadda ta yi aiki a ƙasashen da ke ƙarƙashin daular, ciki har da Najeriya kafin ta yi tata a 1970, tana da wani sashe da ya ce idan mawallafi ya sayar da haƙƙinsa, cinikin zai ƙare bayan shekara 25 da rasuwarsa, haƙƙin ya koma ga magadansa. An yi wannan tanadi ne domin irin wannan hali, wato mai fasaha ya sayar da aikinsa da araha cikin buƙata, iyalinsa su tashi babu komai. Lauya Owen Dean ya kafa hujja da cewa wannan doka ce take aiki a Afirka ta Kudu lokacin da aka yi "Mbube", saboda haka tun 1987 haƙƙin ya koma ga magadan Linda, kuma duk wanda ya yi amfani da waƙar a ƙasar bayan wannan shekara ba tare da izininsu ba ya keta haƙƙinsu.

A 2004 aka shigar da ƙara a kan kamfanin Disney, mai fim ɗin The Lion King, ana neman diyyar kusan rand miliyan 10. Da yake kamfanin a Amurka yake, lauyoyin sun nemi kotu ta riƙe tamburan kasuwancinsa da aka yi wa rajista a Afirka ta Kudu, har da na Mickey Mouse, domin ta samu hurumin sauraron ƙarar, kuma kotu ta amince. Ba a kai ga yanke hukunci ba. A watan Fabrairu na 2006 aka yi sulhu da Abilene Music, kamfanin da yake riƙe da waƙar kuma ya ba Disney lasisinta. Ba a bayyana adadin kuɗin ba, amma an amince za a biya magadan na baya, a ba su kaso daga abin da za a samu a duk duniya, a kuma rubuta sunan Linda a cikin mawallafan "The Lion Sleeps Tonight".

Sai dai yarjejeniyar tana da wa'adi, kuma ta ƙare a ƙarshen 2017. Saboda haka lokacin da aka sake yin The Lion King a 2019, aka kuma rera waƙar a ciki, fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan 1.6 a gidajen kallo, amma wa'adin biyan iyalin a ƙarƙashin wancan sulhu ya riga ya wuce. A shekarar ce Netflix ya fitar da wani fim na gaskiya mai suna The Lion's Share, wanda ya koma kan yadda aka sarrafa kuɗin sulhun da kuma ƙorafin da 'ya'yan Linda suke yi cewa abin da ya iso hannunsu bai kai abin da suka sa rai ba.